Daga sassaƙen magarya zuwa STAT3: jagorar ɗalibin da zai nemi maganin daji a itatuwanmu

Idan lokacin zaɓen maudu'in furojet ya zo, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ne, ko ta Tarayya da ke Dutsin-ma, ko Alƙalam, da wuya a rasa ɗalibin kimiyyar sinadarai ko ta halittu da zai ce shi a kan maganin ciwon daji zai yi aiki. Hanyar da akasari ake bi a faɗin ƙasar nan sananniya ce: a tsinko ganye, a jiƙa, a ɗiga 'yan sinadarai a ga launi ya sauya, sai a rubuta cewa ganyen yana da tanin da alkaloyid, saboda haka yana maganin daji. To ai kusan kowane ganye a bayan gari yana da su. Wannan bai gaya wa kowa komai ba.

Shawarata ita ce ka juya tsarin. Ka fara da furotin ɗin da kake son bugewa a cikin ƙwayar daji, daga baya ka nemo itacen. Furotin ɗin da za mu tsaya a kansu su ne masu kunna ƙwayoyin gado.

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da ƙwayoyin gado wajen 20,000 a rubuce cikin DNA, amma ba duka ake karantawa a lokaci guda ba. Akwai furotin kimanin 1,600 da aikinsu shi ne su je su dafe a wani gurbi na DNA su ce a karanta nan, a rufe can. Su ne makunnan gado. A ciwon daji, wasunsu kan maƙale a kunne, ƙwaya ta yi ta rabuwa, ta ƙi mutuwa, ta jawo wa kanta jijiyoyin jini. Wasu kuma, irin su p53 mai tsare ƙwaya daga lalacewa, su ake kashewa. Kusan rabin cututtukan dajin ɗan'adam ana samun p53 a gurɓace.

Wahalarsu a wajen masu haɗa magani ita ce yawancinsu ba su da ramin da ƙaramin sinadari zai shiga ya zauna, saɓanin inzayim. Fuskarsu a shafe take, kamar ka ce za ka rataya buta a bangon da ba ƙusa. Duk da haka an ci nasara a wasu wurare, kuma sinadaran halitta na ciki. A 1988 likitoci a Shanghai suka ba da rahoton cewa ATRA, wanda ɗan gidan bitamin A ne, yana lafar da wani nau'in dajin jini mai suna APL, daga baya kuma aka gano ta hanyar buge gurɓataccen makunnin PML-RARα yake yin haka. Yau idan aka haɗa shi da sinadarin asenik, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu matsakaicin nau'in cutar suna warkewa. Maganin daji trabectedin, da aka samo daga wata halittar tekun Karibiyan, ya sami izini a Turai a 2007, a Amurka a 2015. Abin mai yiwuwa ne ke nan, sai dai ba mai sauri ba.

Mataki na ɗaya: zaɓi makunni guda, ka san dalilinka

Guda ɗaya tak. Ɗalibin da ya ce zai gwada biyar, ƙarshenta ba ya gama ko ɗaya yadda ya kamata. Kuma ka ɗaure zaɓinka da ciwon da ake gani a asibitocinmu.

In dajin hanta ne ya dame ka, ka dubi p53 ko NF-κB ko STAT3. Ciwon hanta nau'in B da ya daɗe a jiki yana sa kumburi marar ƙarewa, shi kuwa kumburi ta NF-κB da STAT3 yake isar da saƙonsa. Ga kuma gubar afalatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. Tun 1991 aka gano tana gurɓata p53 a gurbi na 249 daidai. In dajin bakin mahaifa ne, ƙwayar cutar HPV tana da furotin E6 da ke sa a narkar da p53. In dajin Burkitt ne, mai kumbura muƙamuƙin yara, wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, to MYC ne ya tashi daga mazauninsa ya koma inda yake a kunne kullum. Sai dai ba na ba ɗalibi shawarar MYC. Ba shi da tsayayyen siffa idan yana shi kaɗai, manyan kamfanoni ma sun sha wuya a kansa.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, STAT3 da NF-κB sun fi daɗin aiki, don ana iya kunna su da gangan a ɗakin gwaji: furotin ɗin kumburi IL-6 yana tayar da STAT3, ɗan'uwansa TNF-α yana tayar da NF-κB, sai ka duba ko sinadarinka ya hana. STAT3 yana da wani ɓangare, SH2, inda STAT3 biyu suke kama juna bayan an liƙa fosfet a gurbin tayrosin na 705. In ba su haɗu ba, ba su shiga cibiyar ƙwaya. Wannan ya ba ka wurin da za ka nufa da kuma abin da za ka auna.

Nrf2 kuwa a yi hattara da shi. Zogale da danginsa suna da sinadaran da ke kunna shi, kuma a lafiyayyar ƙwaya kariya ce. Amma a wasu dajin huhu shi ne a kunne dare da rana, yana kare ƙwayar dajin daga maganin asibiti. Saboda haka "ya kunna Nrf2" ba albishir ba ne kai-tsaye. Ya danganta da wace ƙwaya.

Mataki na biyu: nemo itacen, ka zauna da masu shi

Yanzu ka shiga PubMed da Google Scholar ka haɗa sunan makunninka da sunan itace na kimiyya. Za ka tarar an riga ka a kan wasu, kuma yana da kyau ka san inda aka tsaya.

Magarya misali ce mai kyau. A 1995 masu bincike a Jami'ar Illinois da ke Chicago suka fitar da asid ɗin betulinik daga sassaƙen magaryar da aka ɗebo a Zimbabuwe, suka ga yana kashe ƙwayoyin dajin fata. Daga baya wasu suka nuna yana rage makunnan Sp1 da Sp3 da Sp4. Har yau bai zama maganin asibiti ba, kuma rashin narkewarsa a ruwa na cikin manyan dalilai. Ka lura, a sassaƙe aka same shi, ba a ganyen da muka saba dakawa ba. Bedi, wanda ya cika titunan Katsina da Daura, yana da nimbolid a ganye da fure, an ga yana danne NF-κB a gwajin ƙwayoyi, kuma a 2019 aka gano furotin RNF114 yake kamawa. Habbatus sauda tana da timokwinon. Tumfafiya tana da gubar zuciya 'yan gidan digoksin, maganin ciwon zuciya, shi kuwa digoksin an nuna a 2008 yana hana ƙera HIF-1α, makunnin da ƙwayar daji ke dogaro da shi idan iskar oksijin ta yi ƙaranci.

Ni da zan zaɓa wa ɗalibi, zan tura shi kan waɗanda ba a tatse ba, irin su sabara da hano da marke, ko kuma ya kwatanta magarya da 'yan'uwanta kurna da magaryar kura.

Sannan ka je wurin masu maganin gargajiya, ba da takardar tambayoyi a hannu kamar ɗan ƙidaya ba. Ka tarar da dattijo a kasuwa ya baje tabarma, ga ɗaurin sassaƙe ja da baƙi, ga saiwoyi an ɗaure da kaba, ga garin magani a tsofaffin kwalabe. Ka durƙusa ku gaisa sosai, ka sayi wani abu, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka.

"Baba, wannan da kuka ce na daji ne, wane irin ciwo kuke ba da shi? Na ciki ne ko gyambon da ya ƙi warkewa?"

"A'a yaro, wannan na shafawa ne. Na sha daban yake, shi sai an haɗa da jar kanwa."

Wannan 'yar amsar ta ba ka abu biyu. Na farko, abin da ake kira daji a kasuwa ya haɗa da gyambo da ƙurji da kumburi iri-iri, ba lallai abin da likita zai kira kansa ba. Na biyu, kanwa tana sauya abin da ruwa ke tsamowa daga sassaƙe. Ka tambayi ɓangaren da ake ɗiba, da lokacin ɗiba, da ko tafasawa ake yi ko jiƙawa. In ya ce wani haɗin sirrin gidansu ne, ka bar masa abinsa. Ka nemi yardarsa kafin ka rubuta abin da ya faɗa, ka kuma ambaci gudummawarsa a aikinka in ya amince. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 a kan irin wannan haƙƙin take.

Mataki na uku: tabbatar da suna

Gajere ne, amma in ka tsallake shi duk sauran aikin ya tashi a banza. Kada ka dogara da garin da ka saya. Ka je inda itacen yake tsaye, ka yanko reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya, ka danne shi a tsakanin jaridu, ka kai ma'adanar tsirrai ta sashen nazarin tsirrai, ko ta jami'arku ko ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a ba ka lambar shaida. Ka rubuta rana da wuri da yanayi, don sassaƙen damina da na rani ba ɗaya ba ne. Wajen ɗibar sassaƙe kuma ka ɗebi gefe guda, kada ka zagaye itacen, zai mutu.

Mataki na huɗu: tsimi da rarrabewa

Ka shanya a inuwa inda iska ke shiga, ba a rana ba. Lokacin hunturu ka lulluɓe da yadi marar kauri saboda ƙura. In ya bushe har yana karyewa ƙas, ka daka a turmi mai tsabta, wanda ba a daka yaji ko daddawa a ciki ba, ka tankaɗe, ka auna nauyi.

Ka jiƙa gari a itanol ko metanol, kamar giram 100 a lita ɗaya, na sa'o'i 72 kana girgizawa, ka tace, ka ƙafar da ruwan a injin juyawa a zafin da bai wuce digiri 40 zuwa 45 ba. Abin da zai rage a gindin kwalbar wani danƙo ne mai duhu, kore ko ja, mai kama cokali. Ka auna shi ka fitar da kason da ka samu. Ka yi wani tsimin da ruwa yadda mai maganin ya kwatanta, don ka iya kwatanta su. Kuma ka yi komai a kwalbar gilashi. Robar leda da jarka suna zubar da sinadarin talet a cikin tsimi, ya fito a sakamako, har a ga an rubuta shi a matsayin sinadarin itace.

Daga nan ka rarraba tsimin daga marar son ruwa zuwa mai son ruwa: hekzen, sai dayikulorometen, sai etil asitet, sai butanol. Kowane kaso ka duba shi a farantin TLC, mai rarrabe sinadaran da ke cikinsa. In sassaƙe ne irin na marke ko bagaruwa, tanin ya yi masa yawa, shi kuwa tanin kowane furotin ya samu kamawa yake, sai ya ba ka sakamakon ƙarya. A tace shi ta garin poliyamid a cire tanin ɗin, a sake gwadawa.

Kan na'urar GC-MS, wadda ɗalibai ke rububi: abin da ke tashi da zafi kawai take gani. Shi ya sa rahotanni da yawa ke fitowa da asid ɗin palmitik da danginsa, wato kitse ne kurum. Manyan sinadarai irin nimbolid ko gubar tumfafiya sai LC-MS, tabbatar da siffa kuma sai NMR. Ka tambayi malaminka inda za a aika, ko Zariya ko cibiyar NIPRD a Abuja ko abokan aiki a waje, tun kafin ka fara, ba bayan kuɗi sun ƙare ba.

Mataki na biyar: gwajin dacewa a kwamfuta

Wannan ne mafi arha, kuma a nan aka fi ruɗin kai. Kayan aikin kyauta ne: siffar furotin daga rumbun PDB, siffar sinadari daga PubChem, manhajar AutoDock Vina ko PyRx, sai shafin SwissADME. Siffar STAT3 a kan DNA tana lamba 1BG1, ta p53 da MDM2, furotin ɗin da ke danne shi, kuma 1YCR.

Ka cire ƙwayoyin ruwa, ka ƙara haidurojin, ka kafa akwatin bincike a kan gurbin da kake nufi, misali SH2, ba a kan furotin gaba ɗaya ba. Kafin ka saka sinadarinka, ka nemi siffar da aka ɗauka da sanannen sinadari a maƙale, ka zare shi ka sa manhajar ta mayar. In ta mayar da shi da tazarar da ba ta kai angistirom 2 ba, tsarinka ya zauna. In ba ta iya ba, duk lambar da za ta ba ka daga baya ba abin dogaro ba ce.

Za ka ga jadawalin ƙarfin kamu ya fito, inda lamba mafi ƙasa ke nufin kamu mafi ƙarfi: wannan −8.2, wancan −7.9, wani −6.4. Kuskuren Vina kansa ya kai 2 zuwa 3 a wannan ma'aunin, don haka −8.2 bai fi −7.9 da komai ba. Kuma manyan sinadarai kan sami lamba mai kyau saboda girmansu kawai. Amfanin gwajin shi ne ya rage maka sinadarai hamsin zuwa biyar da za ka kashe wa kuɗi. Ba ya nuna cewa abu yana magani.

A SwissADME ka duba ƙa'idar Lipinski ta 1997: nauyi ƙasa da 500, logP ƙasa da 5, masu ba da haɗin haidurojin kada su wuce 5, masu karɓa kada su wuce 10. Sinadaran halitta da dama suna karya ta kuma su yi aiki, saboda haka ba hukunci ba ce. Abin da ya fi muhimmanci shi ne gargaɗin PAINS, jerin siffofin da aka tattara a 2010 na sinadaran da ke fitowa da "nasara" a kusan kowane gwaji. Kurkumin na gangamau shi ne gwarzonsu. Dubban takardu sun ce yana danne NF-κB da STAT3, amma yana da launi da ƙyalli masu rikita na'ura, yana ruɓewa da sauri a ruwan gwaji, kuma in an sha da ƙyar ake ganin burbushinsa a jini. Ka sa shi a miya, amma kada ka gina digirinka a kansa.

Mataki na shida: ƙwayoyin daji na gaske

A nan gizo ke saƙa, kuma a nan kuɗi ke tafiya. Renon ƙwayoyi yana son injin ɗumi a digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin 100, ba yankewa. Inda wuta ke zuwa tana tafiya, in babu sola ko janareto tsayayye, kada ma a fara. A aika samfurin inda ake da su. Gwajin 'ya'yan jatan lande da ake yi a madadinsa yana nuna guba ne kawai, ba ya cewa komai game da daji, balle makunni.

Ka zaɓi ƙwayar da makunninka ke kunne a cikinta. Ga STAT3 akwai MDA-MB-231 ta dajin nono da DU145 ta dajin furostet, gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Ga hanta akwai HepG2. Dole ka haɗa da lafiyayyar ƙwaya, don sinadarin da ya kashe duka biyun daidai wa daida guba ne. Ka narkar da tsimi a DMSO, kada ya wuce kashi 0.5 cikin 100 a ruwan reno, ka bar rijiyoyin da DMSO kaɗai ke ciki, da wasu masu sanannen magani irin doksorubisin. Ka gwada ƙarfi shida zuwa takwas, ka maimaita gwajin sau uku a ranaku daban-daban, ka fitar da IC50, wato ƙarfin tsimin da ke rage ƙwayoyin da rabi. Ma'aunin da aka saba bi shi ne ɗanyen tsimi ya sauko ƙasa da maikrogiram 20 zuwa 30 a mililita kafin a ce ya cancanci a bi shi. Wanda sai a 500 yake aiki, ka rubuta gaskiya cewa bai yi ba.

Gwajin MTT, mai auna rayayyun ƙwayoyi da sauyin launi, yana da tarko. Tsimin da ke da finol da yawa yana iya juya ruwan ya koma shuɗi-shuɗi shi kaɗai ba tare da ƙwaya ba. Ka bar rijiya mai tsimi da MTT zalla ka gani, ko ka koma gwajin SRB.

Mutuwar ƙwaya ba ta nuna ta hanyar makunninka ta mutu ba. Don ka nuna haka, sai ka auna STAT3 mai fosfet a 705 da gwajin Western, ka kwatanta da jimillar STAT3, a ƙarfin da bai kai na kisa ba kuma cikin 'yan sa'o'in farko. Sannan ka duba da qPCR ko ƙwayoyin gadon da yake kunnawa, irin su survivin da Bcl-xL da cyclin D1, sun ragu. Labarin sinadarin burusatol ya isa darasi: an ɗauke shi mai danne Nrf2, daga baya aka gano ƙera furotin gaba ɗaya yake tsayarwa, Nrf2 dai ya riga sauran ɓacewa ne saboda ba ya daɗewa a ƙwaya. In za ka yi gwajin hasken lusifares, mai nuna aikin makunni da haske, ka sani resberatrol da wasu irinsa suna kashe hasken kansa.

Mataki na bakwai: dabbobi

Ba aikin digirin farko ba ne, kuma sai da izinin kwamitin ɗa'a. Abu ɗaya zan ambata saboda masu sha'awar tumfafiya: ƙwayoyin ɓera suna jure gubar zuciya fiye da na mutum nesa ba kusa ba. In aka dasa dajin mutum a jikin ɓera aka ba shi irin wannan sinadari, dajin ya mutu ɓeran ya rayu, sai a zaci an dace, alhali a jikin mutum zuciya za ta iya tsayawa.

Mataki na takwas: rubuta abin da ka gani, iyakarsa

In kwamfuta kaɗai ka yi, ka ce ana hasashen sinadari kaza zai iya zama a gurbi kaza. In ka kai ga ƙwayoyi, ka faɗi sunan ƙwayar da ƙarfin da sa'o'in. Kalmar "yana warkarwa" ba ta da gurbi a furojet. Maganin daji Taxol ma, an ɗebo sassaƙen da aka samo shi a ciki a 1962, aka fitar da siffarsa a 1971, bai sami izini ba sai 1992. Napabucasin, da aka yi ta sa rai a kansa a matsayin mai danne STAT3, ya kai manyan gwaje-gwaje a kan mutane masu dajin hanji da na fankiriyas, gaɓar ciki mai fitar da insulin, bai ƙara musu kwana ba.

Za a kuma tare ka a gida. Da zarar an ji kana bincike a kan daji, wata gwaggo za ta kira ka gefe ta ce, "Ɗan nan, ƙullutu ne ya fito mini a nono, ko in fara shan sassaƙen nan naka?" Ka ce mata, "Gwaggo, abin da nake yi a kwalba yake tukuna, ba a gwada shi a jikin kowa ba. Gobe in raka ki Asibitin Koyarwa na Tarayya a duba, in ya kama a ɗebi nama a auna." In kuma an riga an fara mata magani, ta gaya wa likita duk wani tsimi ko gari da take sha, don wasu suna taɓa hanta da ƙoda, wasu suna sauya yadda jiki ke sarrafa maganin asibiti. Lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ma ba shaida ba ce cewa yana kashe daji.

Ragowar tsiminka ka zuba a ƙananan kwalabe masu duhu, ka rubuta lambar shaida da rana da sunan ruwan da ka jiƙa da shi, ka sa a firiza. Ɗanyen sakamako, har da wanda bai yi kyau ba, ka ba malaminka kwafi, ka ajiye wani a intanet, don ɗalibin baɗi ya ɗora daga kason da ya nuna alama maimakon ya koma daka sabon gari.